Sarewa a Ƙasar Kanal

Kafin ruwan Tiga ya iso gonakin Kura da Bunkure, shekara rabo biyu ake yi mata a wannan yanki na kudancin Kano. Da damina ƙasa ta manomi ce. Da zarar an yanke gero, an girbe dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai ta koma hannun makiyayi. Fulani su gangaro da garkunansu cikin gonaki, shanu su ci kara da ragowar harawa, su bar wa mai gona taki. Wani manomin har dami yake bayarwa don dai garke ya kwana masa a gona. A wannan tsakani, daga kaka zuwa bazara, kunnen mutumin karkara ya fi sabawa da sarewa.

Abin busa ne da bai fi kamu guda ko ɗan fiye ba, buɗe gaba da baya, galibi da huda huɗu wajen ƙasa. Ba ta da bakin da ake tsotsa irin na usur, ba ta da ɗan karan da ake cusawa a baki irin na algaita. Mabushi yakan ɗora gefen bakinta a leɓensa, ya karkata ta kaɗan zuwa gefe guda, ya saki iska siririya ta daki kaifin bakin. Can a Masar haka ake busa irinta da ake kira nay tun zamanin fir'aunoni, akwai hotunan masu busa ta a bangon kaburburansu. David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a ƙasashen Zazzau da Katsina suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, sun sa sarewa cikin kayan bushe-bushen da suka tarar, tare da danginta na kara, wato tilɓoro da damalgo.

Tilɓoro ne matakin farko ga yara da yawa. Da kaka yaro zai samu gaɓar karan dawa, ya cire totuwar, ya tsaga ɗan harshe siriri a jikin ɓawon kusa da ƙarshe, ya riƙe karan a gicciye ya rufe harshen da baki. Ko ya hura ko ya zuƙa, abin zai yi kuka. Idan aka sa ƙananan duma a bakunansa don amo ya ƙaru, ya zama damalgo. Wasan kwanaki ne: kara ya bushe, harshen ya karye, a jefar. Amma a nan yaro yake fara sanin wane kara ne ya ƙosa, wanne ƙwaro ya ci, da yadda ake riƙe wuƙa ba tare da an farke ɓawo ba.

Sarewa ta fi haka neman haƙuri. Mai yin ta yakan zaɓi kara miƙaƙƙe mai doguwar gaɓa, wanda ya bushe a tsaye, in kuwa ya samu sandar gora to ya huta, don ta fi ƙwari. Sai a rarake cikin a hankali, a sa ƙarfe mai zafi a fasa gaɓa, a goge har iska ta wuce ba tangarɗa. Bakin da za a busa shi ne rai: a kankare shi da wuƙa ta waje har ya yi kaifi daidai ko'ina. Hudoji kuwa da basilla ko ƙusa ake yi, a sa ta a wuta ta yi ja a ƙona wurin, domin wuƙa tsaga kara take yi. Ba tef, ba ma'auni. Yatsun mai ita ne ma'auninsa: ya auna faɗin yatsu daga ƙasa ya yi ta farko, ya auna ya yi ta biyu, ko ya ɗora sabuwa kusa da tsohuwar da yake so ya kwaikwayi tazararta. Shi ya sa da wuya a samu sarewa biyu da muryarsu ta zo ɗaya sak, kuma shi ya sa a ruga ake gane mai busa tun ba a hango shi ba.

Koyo kuwa ba shi da makaranta, ba shi da ubangida. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas da aka fara sakar wa maruƙa yana bin yayansa daji, yana gani, yana ji, wata rana a miƙa masa tsohuwar da ta fara tsagewa. Kwanakin farko ba abin da ke fita sai huci. Ya hura har jiri ya ɗebe shi, shiru. Abin da yayan zai ce masa bai wuce, “Kai ƙane, ba da ƙarfi ake yi ba, tsuke bakin, karkato ta.” Daga nan ya bar shi da halinsa. Gaskiyar maganar ita ce babu wanda zai iya nuna wa wani inda iska za ta daki bakin sarewa, domin leɓe da haƙoran kowa daban suke. Sai yaro ya yi ta juya ta, gashi guda sama, gashi guda ƙasa, har ran da amo zai fito ba zato. Kuma yakan ɓace masa washegari, ya sake nema.

Wanda ya kama amo, sai yatsu. Ana rufe huda da tsokar yatsa ne, ba da kan farce ba, kuma in ɗaya ta ɗan yi yoyo duk muryar ta dusashe. A rufe duka huɗun a samu murya mafi kauri, a riƙa ɗaga yatsa daga ƙasa tana sirancewa, muryoyi biyar ke nan. Dalilin a fili yake: buɗe huda rage tsawon iskar da ke kaɗawa a cikin karan ne, kuma gajeren bututu ya fi dogo siririyar murya. Sirrin da ke raba ɗan koyo da gwani shi ne na gaba. Idan aka ƙara tsuke leɓe aka ƙara wa iska gudu, yatsu suna inda suke, murya sai ta yi tsalle zuwa sama, ta zama 'yar'uwar ta farko amma a hawa na biyu. Da wannan huda huɗu take ba da muryoyi goma ko fiye. Gwanaye sukan rufe rabin huda su ja murya ta lanƙwasa, su karkaɗa yatsa, wasu ma su riƙa gunji a maƙogwaro suna busa, sai ka rantse mutum biyu ne.

Abin da yake busawa ma da kunne yake ɗauka: taken wani gwarzon sharo, waƙar da 'yan mata ke yi a dandali, kirarin saniyar da yake ji da ita. Harshen Hausa da hawa da saukar murya yake tafiya, don haka wanda ya san waƙa yakan ji kalmominta a cikin busar ko da ba a furta ba. Makiyaya da dama sun haƙiƙance cewa shanunsu sun san busarsu, suna natsuwa da ita. Ko ma mene ne a ran saniya, dabbar da ke jin sauti ɗaya kullum daga mutum ɗaya za ta san inda mai ita yake.

Kula da ita wani darasi ne, kuma hunturu ne malamin. Numfashi yana jiƙa cikin kara, iskar hunturu tana busar da bayansa, to tsakanin jiƙa da bushewar nan ake samun tsaga, galibi daga baki ko daga tsakanin hudoji. Maganin da aka sani shi ne mai. Bafillace yana da man shanu a gida, Bahaushe yana da man gyaɗa. A shafa a waje, a ɗiga kaɗan a ciki a jujjuya, a bar ta a inuwa ta sha. In an gama busa a yarfe yawun, a kife ta. Ba a barin ta a rana, ba a jingine ta kusa da murhu, ba a kwana da ita a raɓa. Wanda ya soke ta a jikin danga ya manta zai tarar gara ta riga shi, ko zanzaro ya cika cikin da laka ya yi ɗakinsa. In tsaga ta fara, a naɗe wurin da zare tamau a toshe da kakin zuma ko ƙaro; zuwan keke ya kawo tsinken robar tayar ciki, wadda ta fi zare kamawa. Mai hali yakan kai wa baduku ya sa mata rigar fata, har da tuntaye da maratayi. Duk da haka ta kara ba ta daɗewa, kuma ba wanda ya damu ƙwarai, tunda wata kakar na zuwa da sabon kara.

Wannan arha tata ita ta ware ta daga sauran kayan busa na ƙasar Kano. Kakaki na sarki ne. Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya fara. Algaita ma ta fada ce da gidajen hakimai, busarta gado ce, ɗa ya koya wurin uba har ya iya zuƙar iska ta hanci yana hurawa da kumatu ba yankewa. Waɗannan suna da Sarkin Busa, suna da ranar fita, suna da tukuici. Sarewa ba ta da ko ɗaya. Mai busa ta bai zama maroƙi ba. Bafillacen da ba zai taɓa ɗaukar kalangu ya yi wa wani kirari don kuɗi ba, wanda ya bar wannan ga bambaɗawa, yana iya wuni yana busa abarsa ba wanda zai ce ya zubar da girma.

Malamai dai ba su taɓa sakin jiki da ita ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya sa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan Haɓe da ya soka. Akwai kuma ruwayar nan ta Abu Dawud da ɗaliban ilimi suka sani, cewa Abdullahi ɗan Umar ya ji busar wani makiyayi sai ya toshe kunnuwansa ya kauce hanya, yana tambayar Nafi'u, wanda ke tare da shi, ko har yanzu yana ji. Masu hani suna kafa hujja da toshe kunnen. Masu sassauci suna cewa ai bai sa Nafi'u ya toshe nasa ba, bai kuma aika a hana makiyayin ba. Muhawarar ta zaure ce. Yaron da ke bayan shanu a fadamar kogin Kano bai san ana yi ba.

Abin da ya taɓa sarewa a wannan yanki ba wa'azi ba ne, kanal ne.

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Audu Bako, ya ɗauki gina madatsun ruwa da gaske. Aka fara da Bagauda, aka buɗe gonar gwaji a Kadawa, sannan aka kammala babbar madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ya gama ragargaza dabbobi da amfanin gona a faɗin Sahel. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya zana tsarin. Ruwa yana gangarowa da kansa ba inji, daga Tiga ta babban kanal zuwa Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya bi ƙananan magudanai har bakin kowace gona. Kashin farko an tsara shi ne a kan hekta 22,000 a ƙasar da yau take cikin ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Don a daidaita ƙasa ruwa ya bi, katafila ta tumɓuke itatuwan gona masu yawa, ɗorawa da kuka da sauransu, inuwar da makiyayi ke zama ya yi busa.

Rigimar farko tsakanin hukuma da manoma, abin mamaki, a kan dawa aka yi ta. Gwamnati alkama take so, don rage wadda ake shigowa da ita daga Amurka. Alkama kuwa sanyi take bi: in ba a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin bazara zai riske ta kafin ta cika ido. Dawar gargajiya, kaura da farafara, a daidai wannan lokacin take nuna. Gona ɗaya ba za ta ɗauki biyun ba. Jami'ai suka matsa a bar dawa, manoma suka turje, domin ita ce tuwonsu, karanta ne dangarsu da makamashinsu da abincin dabbobinsu. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin a ƙarshen shekarun 1970, ta rubuta a kan halin da ƙananan manoma suka shiga, haka ma Gunilla Andrae da Björn Beckman a littafinsu na 1985 kan siyasar alkama a Nijeriya, The Wheat Trap. Hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 ya ƙara wa noman ta kasuwa na ɗan lokaci. Amma abin da umarnin jami'ai ya kasa, kuɗin shinkafa ya yi shi cikin ruwan sanyi. Yau duk wanda ya bi hanyar Zariya da damina, daga Kura zuwa Kadawa, shinkafa zai gani iya ganinsa, garin Kura kuma, da a da aka san shi har cikin Sahara da baƙin rini mai ƙyalli na 'yan Kura, yanzu da injinan casar shinkafa aka fi saninsa. Karan shinkafa ba ya sarewa. Kachalar da ta cika magudanai, wadda ake ta fama da nome ta, ita ma ba ta yi.

Garke ma ya rasa masauki. Gonar da a da take fili daga Disamba zuwa Mayu yanzu kore take shar da alkama, tumatir, albasa da masara. Saniya ta shiga, ɓarna ce, sai gaban mai gari ko 'yan sanda. Ta sauka shan ruwa, ta rusa gaɓar kanal. Takin zamani ya rage wa manomi buƙatar kashin shanu, sai ciniki ya juye: wanda a da ake roƙo ya kwana a gona, yanzu shi ke biyan kuɗi a bar shi ya ci bambaron shinkafa. Wasu suka zauna a gefen tudu suka rage dabbobi, wasu suka nausa dajin Falgore ko suka zarce kudu.

Sai kuma lokaci, wanda a ganin mai wannan rubutu shi ne babbar asarar sarewa. Busar nan 'yar zaman banza ce, a ma'ana mai kyau: tana son yaron da ke da wuni guda ba abin yi sai kallon dabba. Noman rani ya cinye wannan wunin. Akwai dashe, akwai ban-ruwa, akwai feshi, akwai tsinkar tumatir da lodin kwanduna a Kwanar Gafan, kuma duk da kuɗi a hannu kafin magariba. A shekarar da aka kafa hukumar kogunan, 1976, a ita aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, ya ɗebi wasu yaran zuwa aji. Yankin da samarinsa ke fita ci-rani ya zama inda 'yan ci-rani ke zuwa. Ba kuwa wani magidanci a Bunkure da zai yarda a mayar da shi ranin da, don a ji daɗin busa. Ranin nan da yunwarsa yake zuwa, waɗanda suka ga 1973 sun sani.

Sarewa ba ta mutu ba, gida ta sauya, ta kuma sauya jiki. Bututun ƙarfe da na roba irin na wayar lantarki ya maye gurbin kara a hannun mabusa da yawa, kuma a ƙasar da bututu ya zama kayan aikin kowane manomi, guntunsa ba ya wuyar samu. Ta roba ba ta tsagewa, gara ba ta cin ta, ba ta son mai. Abin da take tsoro wuta ce da zafin rana mai lanƙwasa ta, sai dattin da ke taruwa a ciki, wanda ruwa da tsumma a kan tsinke ke fitarwa. Muryarta ta fi tsaf, ta kara kuwa ta fi taushi da ɗan huci. Sai dai ɗorewar tata ta zo da nata: sarewar da ke shekaru ba ta lalace ba, ba ta tilasta wa kowa ya koyi yin sabuwa. A da kowane mabushi maƙerin abarsa ne, kowace kaka yana sake gwada hannunsa, ƙannensa na tsugune suna kallo.

A birni kuwa ta hau dandamali. 'Yan rawar Koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, mai mazauni a Gidan Ɗan Hausa, da sarewa suke jan rawarsu, ga ganguna ga kacau-kacau a ƙafa, kuma ta hanyarsu mutane da yawa da ba su taɓa kwana a ruga ba suka san sautinta. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai fiyanon Yamaha ya shigo ɗakunan kiɗa na Kano da muryar sarewa a cikinsa, a danna maɓalli ta fito. Waƙoƙin finafinai irin su Sangaya sun nuna wa furodusoshi cewa yaro ɗaya da fiyano ya wadatar. Sautin ya yaɗu fiye da kowane zamani, masu hura shi da baki suka ragu.

Wanda ya nuna iyakar inda busar makiyayi za ta iya kaiwa ɗan Nijar ne, Yacouba Moumouni, da aka fi sani da Denke-Denke. Daga yankin Tera ya fito, ya zo Yamai yana yaro, ya tashi a hannun mawaƙiya Absatou Danté, ya shekara da shekaru yana koyo kafin a san shi. A 1995 ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey, wadda ta haɗa sarewa da molo da kalangu da jita, ta zaga Turai da Amurka. Mai busa cikin irin wannan ƙungiya dole ya bar awon yatsu, ya huda sarewarsa daidai da muryar jita, ya kuma riƙe fiye da ɗaya, kowace da waƙoƙin da take shiga.

A Kura da Bunkure har yanzu ana noma dawa, amma a tudun da kanal bai kai ba, da gonakin da suka yi wajen Rano da Kibiya. Can ake jin sarewa jefi-jefi, wurin sharo bayan sallah, ko bikin Fulani, ko bakin wani yaro a bayan tumaki, ko da yake abokansa da yawa waya ce a aljihunsu cike da waƙoƙi. Karan ma yanzu ba a barin sa a gona. Da an girbe ake sare shi a ɗaure, a jingine a kan bishiya ko a loda a amalanke, domin masu kiwon turka da masu danga da masu tuya duk suna saye.